Yadda ake riƙe kayan tarayya: tsarin da muka ɗauko daga wani ƙauye a tsaunukan Alps

Mu 23 ne muka haɗu muka kama hayar wani fili a wajajen Oko-Oba da ke Agege, muna kiwon turke. Yawancinmu raguna muke ɗaurewa don Babbar Sallah, mutum shida kuma bijimai. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, da tanki biyu, da janareta, da maigadi, kuma sau biyu a shekara mukan haɗa kuɗin tirela ta sauko mana da harawa da dusa daga Arewa. Ni ne magatakarda, littafin yana hannuna tun ranar farko. A shekara ta uku abin ya kusa wargajewa. Kuɗin wata iri ɗaya kowa ke biya, amma wani rago 8 gare shi, wani ya cusa 60. Kafin azahar ruwa ya ƙare. Kwata ta toshe, kowa na jiran wani ya yashe. Mutanen da ke tsayawa sahu ɗaya a masallaci suka koma gaisuwa da ka.

Ana cikin haka ɗan ƙanwata da ke karatu a Lozan ta ƙasar Suwizalan ya gama, na je bikin. Da ma ya sha jin ƙorafina ta waya. Kwana biyu da bikin ya ce, "Kawu, akwai wani ƙauye da nake so ka gani da idonka kafin ka koma." Muka hau jirgin ƙasa zuwa Visp, muka sake wani ƙarami zuwa Stalden, daga nan wata bas mai ruwan ɗorawa ta riƙa hawa da mu tana kwana-kwana a jikin dutse, har kunnena ya toshe. Sunan ƙauyen Torbel, a yankin Walis. Yana maƙale a gangaren tsauni, kimanin mita 1,500 sama da teku. Mutanensa wajen 500 ne, Katolika ne, suna magana da wani karin harshen Jamusanci. Gidajen katako ne da rana ta gasa har suka yi baƙi.

Wannan ɗan ƙauye sananne ne ga masu nazarin tattalin arziki. Wani Ba'amurke, Robert Netting, ya zauna a can a farkon shekarun 1970 yana bin tsofaffin takardunsu. Abin da ya ja hankalina shi ne, kafin nan mutumin ya yi zama a nan Najeriya, wurin Kofyar na jihar Filato, yana nazarin nomansu na kan dutse. Aikinsa na cikin abin da Elinor Ostrom ta kafa hujja da shi cewa ba dole ne kayan tarayya su lalace ba. Ita ce mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki, a 2009. Kwana uku muka yi a ƙauyen, yaron yana yi mini tafinta. Da na dawo Legas muka zauna muka sake dokokinmu daga tushe. Ga yadda muka bi, ko zai amfani masu rijiya ɗaya, ko masu shago ɗaya, ko masu janareta ɗaya a layi.

Kafin komai, ku zauna ku rabe abin da ya kamata a haɗa da wanda bai kamata ba. Mu da farko har dusa muka zuba a sito ɗaya, kowa ya ɗiba da kwanonsa, muna ganin zumunci ke nan. Mutanen Torbel ba su yi haka ba. Gonar hatsi, da lambu, da itatuwan marmari, da filin da ake yankan ingirici, duk na mai su ne, ana gado ana sayarwa. Abu biyar suka bari a hannun gari: makiyayar kan tsauni, da daji, da ƙasar da ba ta nomuwa, da magudanan ban-ruwa, da hanyoyi. Dalilin a fili yake. Ƙaramin fili mai albarka wanda gida ɗaya zai iya yi wa hidima, mai shi ya fi kowa kula da shi. Amma makiyaya mai faɗi wadda ciyawarta ke kyau nan bana, can baɗi, idan aka yanka ta gunduwa-gunduwa kowa ya yi asara, kuma babu gidan da zai iya ɗaukar makiyayi da gina bukka shi kaɗai. Da wannan ma'auni muka auna namu. Rijiya, da shinge, da gadi, da kuɗin tirela, da kwata, na tarayya ne. Dabba, da abincinta, da magani, da riba, da faɗuwa, na mai su ne. Sito muka yanka shi ɗaki-ɗaki da langa-langa, kowa da kwadonsa. Rabin rigimarmu a nan ta mutu.

Sai maganar wa ke ciki, wa ke waje. Ranar 1 ga Fabrairu, 1483, magidantan Torbel suka sa hannu a takardar kafa ƙungiyarsu. A ciki suka rubuta cewa baƙon da ya sayi gona a ƙauyen bai sayi haƙƙin kai saniya makiyaya ba, bai kuma sayi haƙƙin sare itace a daji ba. Mallakar ƙasa daban, zama ɗan tarayya daban.

Da aka fassara mini wannan sai da na yi shiru. Mu nan baƙi ake kiranmu, ko da kakan mutum a Agege aka binne shi. Na san ɗacin a ce maka ba ka da rabo saboda asalinka, kuma ba zan so mu yi wa wani abin da ba mu so a yi mana ba. Amma da na yi tunani na ga abin da suke karewa. Makiyayarsu ba ta ƙaruwa. Idan duk mai kuɗin da ya zo daga kwari zai iya turo garkensa, shekara biyar ba za a yi ba ciyawa ta ƙare. Mu ma abin da ya faru ke nan: memba ɗaya ya riƙa karɓar ragunan abokansa na kasuwar dabbobi ta Kara yana ɗaure musu da sunansa, yana karɓar la'ada, suna shan ruwan da ba su haƙa ba. Don haka muka ɗauki iyakar, muka bar maganar asali. Sunayen 'yan ƙungiya a rubuce suke. Duk mai son shiga, Bahaushe ne ko Bayerabe ko Bafulatani, ya kawo mutum biyu daga cikinmu su tsaya masa, ya biya kasonsa na kuɗin da aka kashe a rijiya da shinge, sannan ya jira a samu gurbi. Yanzu haka akwai wani bawan Allah ɗan Abekuta a cikinmu, yana kiwon tumaki. Ba a sayar da gurbi, ba a bayar da hayarsa. Idan mutum ya rasu, magadansa su fitar da mutum ɗaya.

Yanzu ga dokar da ta fi kowace muhimmanci, wadda saboda ita nake wannan rubutu. A 1517 mutanen Torbel suka rubuta cewa babu wanda zai kai shanu makiyayar tsauni fiye da adadin da zai iya ciyarwa a lokacin hunturu. Netting ya tarar ana aiki da ita bayan shekara fiye da 450.

Sai ka san yadda shekararsu take sannan za ka ga hikimar. Watanni da dama ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa, saniya ba ta ganin ɗanyar ciyawa, tana ɗaure a ɗaki tana cin ingiricin da mai ita ya tara. Makiyayar sama kuwa kimanin wata uku kawai take buɗewa, daga Yuni zuwa Satumba. A wannan wata ukun da shanu ke sama, mutanen gari suna ƙasa suna yankan ciyawa a gangaren da ko tsayuwa a kai sai da dabara, suna shanyawa, suna dakonta zuwa rumbu. Ciyawar sama kyauta ce ga ɗan gari. To me zai hana mai wayo ya sayo shanu da yawa a watan Mayu, su ƙoshi a ciyawar gari, ya sayar a Oktoba? Wannan dokar ce ta hana. Ba a tambayar kuɗinka ko girman gidanku. Ana duba shanun da suka yi hunturu a ɗakinka, kuma a ƙauye irin wannan kowa ya san saniya nawa ke ɗakin maƙwabcinsa, kowa ya ga ingiricin da ya tara. Doka ce da ba ta buƙatar rantsuwa, ido ya ishe ta. Kuma tana ɗaure abin da mutum zai ci daga na tarayya da wahalar da ya sha a nasa.

Mun daɗe muna neman abin da zai tsaya mana a madadin hunturu. Wani dattijo cikinmu, mutumin Hadejia, shi ya gano. Ya ce, "Malam, ai namu hunturun harawa ce. Duk wanda ya ɗaure ragon da bai tanadar wa abinci ba, a kan wani zai ci." Gaskiya ce. Masu cusa dabbobi gab da Sallah su ne kullum ke zuwa rancen dami, kuma dabbobinsu ne ke tsinke igiya su faɗa akurkin wani. Sai muka rubuta haka: ba ka ɗaure dabba a filin tarayya sai wadda abincinta na wata biyu ke cikin ɗakinka na sito, ko kuma kuɗinsa na cikin asusun tirela mai zuwa. Muka kuma ƙididdige iya abin da rijiya da filin za su ɗauka, muka sa rufi a kai, muka lissafa bijimi ɗaya a matsayin rago biyar wajen ruwa da wuri. Wannan lissafin namu ne, ku ku auna naku. Hanyar aunawa mai sauƙi ce: ku cika tanki, ku shayar da dabbobin da ke nan na mako guda a tsakiyar rani, ba da damina ba, ku ga inda ruwan ke tsayawa. Kada ku sa rufin daidai da abin da kuka gani, ku rage kaɗan, domin akwai ranar da janareta zai ƙi tashi.

Kuɗin wata ma muka mai da shi a kan kai, ba a kan mutum ba. Mai rago 8 ya biya na 8, mai 40 ya biya na 40. Daidai ruwa daidai tsaki. Manyan cikinmu biyu sun yi fushi, ɗaya ya kwashe dabbobinsa ya tafi. Na ji zafin tafiyarsa, domin tare muka zo Legas a mota ɗaya. Amma ku shirya wa irin wannan tun kafin ku fara. Dokar da ba ta taɓa babba ba, ƙarami ba zai bi ta ba.

Ƙidaya kuma a yi ta rana ɗaya, a gaban kowa. Na yi sa'a zuwanmu ya dace da hawan shanu zuwa Moosalp, makiyayar da ke saman ƙauyen, wajen mita 2,000. Ranar biki ce. Shanu da manyan ƙararrawa a wuya, iyalai sun fito, ana ci ana sha. Akwai wasu baƙaƙen shanu gajeru masu ƙirar ƙarfi da ake kira Eringer, waɗanda idan garke ya haɗu sai matan su kama karo da juna, goshi da goshi, har ɗaya ta juya baya. Ba mutum ke zuga su ba, ɗabi'arsu ce, kuma da wuya a ji rauni. Wadda ta kori kowa ita ce sarauniyar garke a wannan shekara, mai ita kuwa ranar ba ya taka ƙasa. Na tsaya ina kallo kamar yaro a filin dambe. Amma a ƙarƙashin bikin akwai lissafi. Tun dā, da zarar shanu sun isa ake ƙirga su, domin makiyayan haya ne ke tatsa su yi cuku a can sama, kuma da wannan ƙidaya ake raba cukun a ƙarshen lokaci. Ka ga mutum ba zai ɓoye saniya ba, domin idan ya rage ta a ƙidaya ya rage wa kansa cuku. Idan ya ƙara kuma ga gari duka na kallo.

Ku nemi irin wannan ƙulli, inda ƙarya ke cin mai ita ta kowane gefe. Mu ranar Asabar ta farkon wata, bayan sallar asuba, ake zagayawa da littafi, kowa ya tsaya a turkensa. Lambar da aka rubuta maka ita ce ta kuɗin wata, ita ce ta lokacin ruwa, ita ce kuma ta kason taki idan an sayar. Ka rage, ruwanka ya ragu. Ka ƙara, kuɗinka ya ƙaru.

Maganar ruwa ta ba ni mamaki a can. Ka ga ƙanƙara fari fat a kan tsaunuka ka zaci ƙasar ruwa ce, alhali ruwan saman da ke sauka a wajajen Stalden bai kai na Kano ba, don duwatsu sun tare hadari. Shi ya sa tun ɗaruruwan shekaru suka haƙa magudanai a jikin dutse, suna jawo narkakkiyar ƙanƙara daga nesa zuwa filayen ciyawa. A yankin ana kiran su Suonen. Ruwan bi-da-bi ake sha, kowane gida da lokacinsa, dare da rana. Kafin agogo ya yawaita, da rana da inuwa suke auna lokacin, wato idan haske ya taɓa dutse kaza, ko inuwa ta kai wuri kaza, ruwa ya koma hannun wane. Haƙƙin kowane gida kuma a dā ana tsaga shi a jikin ɗan katako mai ɗauke da alamar gidan. A wasu magudanan Walis har akwai wata guduma ta katako da ruwa ke juyawa tana bugun allo. Muddin mai tsaro na jin ƙwas-ƙwas, ruwa na tafiya. Da ya ji shiru, ya san wani wuri ya ɓalle.

Mu ba mu da dutsen da za mu auna inuwa, amma muna da kiran sallah, wanda ba mai musun sa. Muka kasa kanmu rukuni huɗu: bayan asuba, hantsi, bayan azahar, bayan la'asar. Kowane mako ana juyawa, don kada wasu su dawwama a kan ruwan safe. Jadawalin yana rubuce da fenti a bangon ɗakin janareta, ba a cikin littafina kawai ba, kuma wannan da gangan ne, domin abin da ke aljihun magatakarda zargi yake jawowa. A madadin guduma muka ɗaura siririn tiyo mai haske a jikin tanki daga sama har ƙasa, duk mai wucewa yana ganin inda ruwa ya tsaya. Kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba.

Rabon kayan tirela shi ne inda a dā ake zage-zage. Harawa ba ta zama ɗaya, wani dami ganye ne zalla, wani kara, wani ya sha ruwa a hanya. Duk wanda ya yi rabo sai an ce ya fifita nasa. Dubi yadda Torbel ke raba itacen daji. Mai kula da daji ya sa alama a bishiyoyin da suka isa sara. Gidaje su haɗu rukuni-rukuni su sare, su jawo, su tara tsibi-tsibi daidai wa daida. Sai an gama tarawa sannan a jefa ƙuri'a a ga tsibin da ya faɗo wa kowa. Mai tarawa bai san wanne ne nasa ba, don haka dole ya daidaita. Bayan wannan lokaci kuma ba mai shiga daji da gatari. Dajin nan ba don itace kaɗai suke tattalinsa ba, shi ne ke tare musu zaftarewar ƙanƙara daga sama.

Da na kawo wannan a taro sai aka yi dariya, aka ce ai watanda ce. Haka ne, mun san ta a rabon nama, ba mu taɓa tunanin kai ta wurin harawa ba. Yanzu idan tirela ta iso, matasa su sauke, a kasa kashi-kashi gwargwadon hannun jarin da aka zuba, a gauraya mai kyau da mara kyau a kowane kashi, a manna lamba. Sannan a kira yaro ƙarami daga waje ya zaro takardu daga hula. Wani ya tayar da maganar ko wannan caca ce. Muka kai wa limaminmu. Ya ce a caca wani ke cinye na wani, nan kuwa kowa haƙƙinsa zai ɗauka, ƙuri'a tana nuna wanne ne kawai. Ya tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Daga ranar ba a sake tayar da zancen ba.

Gayya ba sai na koya wa Bahaushe ba, sai dai a birni ta zama ta ganin dama. A Torbel gyaran hanya, da magudanai, da bukkokin da ƙanƙara ta rushe, da baza taki a makiyaya, aiki ne na wajibi kowace shekara, kuma yawan aikinka ko kuɗin da za ka biya yana bin yawan shanunka. Mu muka sa ranaku biyu, ɗaya a watan Maris kafin ruwan Legas ya kankama, ɗaya mako biyu bayan Sallah. Yashe kwata, gyaran shinge, wanke tanki. Wanda ba zai zo ba ya turo mutum ko ya biya ladan lebura na yini. Taki kuwa da a dā muke biya a kwashe, yanzu masu lambu ke saye, kuɗin yana shiga asusun man janareta.

Sai tara. A dokar Torbel akwai jami'in da aka ba ikon cin tarar wanda ya wuce adadinsa, kuma rabin kuɗin nasa ne. Na fahimci dalili, sa ido aiki ne mai jawo baƙin jini, ba mai yin sa kyauta. Amma ban yarda mu ɗauko wannan yadda yake ba. Duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da mutum ke zama idan abincinsa ya dogara da laifin wasu. Muka yanke wa mai sa ido ɗan alawus tsayayye, shekara ɗaya yake yi a sauya, kuma dole ya kasance yana da dabbobi a filin. Tarar farko ƙarama ce ƙwarai, kusan tunatarwa. Ta biyu ta ninka. Ta uku mutum ya rasa gurbinsa na Sallah ɗaya. Kada ku fara da hukunci mai tsanani, domin ba za ku iya zartar da shi a kan ɗan'uwanku ba, kuma da zarar an yafe sau ɗaya dokar ta mutu. Gara ƙaramar tara da ake karɓa daga kowa. Ni ma na biya sau ɗaya, da yarona ya shayar da dabbobina a lokacin wani rukuni, kuma a gaban jama'a na biya.

Duk wannan sai an rubuta, kuma sai waɗanda dokar za ta hau kansu ne suka yi ta. A Torbel 'yan gari ne ke kaɗa ƙuri'a a kan dokoki, ƙungiyar makiyaya kuma tana zama duk shekara ta duba su, ta zaɓi shugabanni. Takardunsu da suka shafi ƙasa sun koma har 1224. Mu muna zama bayan Babbar Sallah, lokacin da fili ya yi sarari kuma kowa ya san ribarsa ko faɗuwarsa. Murya ɗaya ga kowane memba, ko rago nawa gare shi. Dokokin shafi biyu ne, da boko da ajami, an karanta da ƙarfi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Kofi ɗaya wurina, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin liman. Ba a canja doka a tsakiyar shekara, komai zafin rigima.

Akwai abin da ba zai ɗauku daga can zuwa nan ba, kuma gara ku san shi tun yanzu. Mutanen Torbel sun san jikokinsu za su gaji wannan tsauni, shi ya sa mutum ke haƙura da ribar bana. Haƙurin nan kuma ba arha ya zo musu ba. A dā talauci ne sosai: burodin hatsin rai da ake gasawa jefi-jefi ya bushe har sai an sara, dankali, cuku, da naman shanu da ake shanyawa a iska, ɗan'uwan kilishinmu amma ba yaji. Rumbunansu na katako suna tsaye a kan ƙafafu, an sa faffaɗan dutse kamar faifai tsakanin ƙafa da rumbu don kada ɓera ya hau, na gani na tuna rumbun kakana. Gado daidai ake raba wa 'ya'ya, don haka gonaki suka yi ta ƙanƙancewa, mutane suka riƙa jinkirta aure, wasu ba su yi ba sam, wasu suka bar gari. Yau kuma yawancin magidanta ba da noma suke ci ba. Da yawa suna sauka aiki a masana'antar sinadarai ta Lonza da ke Visp, su dawo su duba tumakinsu masu baƙin hanci da yamma, ga kuma tallafin da gwamnatin ƙasar ke bai wa manoman tsauni. A Disamba 2023 hukumar UNESCO ta sa al'adar hawan makiyayar tsauni ta Suwizalan cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Filinmu haya ne, shekara-shekara, kuma tun da jihar Legas ta kafa dokar hana kiwon sake a 2021, neman irin wannan fili ya ƙaru, masu shi sun san darajarsa.

Wannan ita ce ɓarakar da ta rage mana. Mutumin da bai san ko baɗi yana nan ba, da wuya ya yarda a kashe kuɗi a kan kwata ta siminti. Don haka kafin ku zuba kuɗi a rijiya ko shinge, ku fara zama da mai fili ku nemi yarjejeniya mai tsawo a rubuce, da lauya da shaidu daga unguwar, har da baale, wato mai unguwar Yarbawa, idan akwai. Ku sa a ciki abin da zai faru da rijiyar idan aka tashe ku. Mu mun yi abin a baibai, mun haƙa sannan muka je roƙo. A taron bana muka ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin wata muna tarawa, muka kuma wakilta mutum uku, har da ɗan Abekutan nan saboda harshe, su je su nemo mana shekara biyar. Sun je sau biyu. Iyalan mai filin sun ce a dawo bayan sun yi taron gidansu a watan gobe.